Kujerar Malam Iro a Ranar Gasa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya hore mana iska take ɗaukar magana daga wannan ƙasa zuwa waccan ba tare da ta nemi ladan dako ba.

Ku samarin da kuke taruwa a bencin ƙofar shagona a Ƙofar Guga, kun sha ce mini aikinmu ba shi da wuya, wai a kunna rediyo ne kawai a danna kwamfuta, ita ta ƙarasa sauran. Kwanan baya ɗayanku ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi kyau wajen rajistar rediyo, yana so in faɗi suna guda ya sauke ya kama gabansa. Ban faɗa masa ba, domin amsar tana da tsawo. Ga ta nan na rubuta muku da boko, ko da yake hannuna ya fi sakewa da ajami.

Aikin farko da aka danƙa mini a wannan sana'a rediyon wani mahauci ne. Bayan na sauke Alƙur'ani mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Iro mai gyaran rediyo, wanda a da ya yi aikin buga wayar tangaraho a ofishin gwamnati kafin ya buɗe shago. Malam Iro ya kwance bayan rediyon, sai ga kyankyasai suna ta fitowa, ciki duk maiƙo. Ya miƙo mini gashin kaza da tsumma ya ce in share. Na wuni ina sharewa, ina satar kallon ƙarfen narka dalma da ke kan garwashi, don shi nake ɗokin riƙewa. Da yamma ya sa batir, rediyo ya kama magana garau. Ba abin da ya lalace a ciki, datti ne. Ya ce mini, “Sule, ka ga rabin sana'ar ke nan. Sauran rabin sai ka yi haƙuri.”

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: ƙarfen nan, da dalma, da filaya, da sukudireba manya da ƙanana, da mita mai allura wadda ba a bari na taɓa ba sai da na daɗe. Kafin duk waɗannan kuwa akwai hanci. Malam Iro ba ya taɓa rediyo sai ya sunsuna shi, domin abin da ya ƙone yana da wari, kuma kowace ƙuna da irin warinta. Bayan hanci sai kunne. Mai rediyo zai zo daga ƙauye da shi a naɗe cikin rawani, ya tsuguna ya ce, “Malam, tari yake yi da asuba.” Kada ka yi masa dariya. Gaskiya ya faɗa, kuma in ka saurara da kyau ya riga ya gaya maka inda ciwon yake. Wasu masu kayan ba sa tafiya, a kanka za su tsaya har ka gama, don kada a sauya musu wani abu a ciki. Ba mu taɓa jin haushin haka ba. Rediyo a gidan talaka abokin zama ne, ba a barinsa hannun baƙo haka kawai.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ban shiga ba sai da na shekara biyu ko fiye. Can Malam Iro ya ajiye wani rediyo dabam, wanda ba sauraro kawai ake yi da shi ba, har aika magana yake yi. Waya ce doguwa ta tashi daga rufin ɗakin zuwa kan bishiyar darbejiya, ita ce eriya. Wannan shi ne rediyon sha'awa. Mutum yakan ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai a duniya, sai ya riƙa magana da irinsa a wasu ƙasashe, ba don kuɗi ba. Ana yi da murya, ana yi da madanni, wato ɗan ƙarfen da ake dannawa ya ba da ƙara gajeriya da doguwa, kowane harafi da nasa bugun. Malam Iro mutumin madanni ne. Koyonsa bai ba ni wahala sosai ba, domin wanda ya taso yana rera ba guje, ta guje, lam ara a makarantar allo ya riga ya san cewa harafi yana da suna da waƙa. Na riƙa rera bugun kamar yadda muke rera baƙaƙe, har ya zauna.

Duk wanda ka yi magana da shi sai ka rubuta. Ita ce rajista: rana, da lokaci, da lambar kiransa, da zangon da kuka haɗu, da ƙarfin da ka ji shi. Lokacin ma ba da agogonmu ake rubutawa ba, da agogon da duk duniya ta yarda da shi ne, wanda yake bayan namu da awa guda. Malam Iro yana rubuta lambobin kira da boko, amma ya ja wani layi na musamman a gefen kowane shafi, inda yake rubutu da ajami. Nan yake sa sunan mutum da abin da za a gaishe shi da shi. Wane matarsa ba lafiya. Wane ya yi jika. Wane ruwa ya ci gonarsa. In suka sake haɗuwa, ko bayan shekara nawa, sai ya buɗa littafi ya gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce shi bai ga yadda za a yi mutum ya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga bayan teku ka tambaye shi lamba kawai ka rufe ba.

Muguwar shekararmu da damina ta fara. Hadari ya taso da rana tsaka muna masallaci, ba wanda ya cire eriya. Tsawa ta sauka kan darbejiya, ta bi waya ta shiga ɗaki, ta ƙone babban rediyon, ta bi ta ƙone na mutane da ke jone a shago. Allah ya tsare ba a yi asarar rai ba. A shekarar ce kuma wayoyin hannu masu rediyo a ciki suka cika gari, ga ƙananan rediyoyi masu arha waɗanda in sun mutu jefarwa ake yi. Sai mu wuni ba wanda ya yi sallama. Muka koma gyaran lasifikar masallatai da tocila da fanka. Malam Iro kuwa kullum bayan azahar yana zaune yana ciro kaya daga matattun talabijin, yana haɗa wani rediyon aikawa da hannunsa. Ba shi da ƙarfin na da, amma ranar da ya tashi wani ya amsa mana daga nesa. Tun daga nan ba mu sake barin eriya a jone ba in sama ta yi baƙi, ku ma kada ku bari.

Da tsufa ya kama Malam Iro ya bar mini shagon, amma bai bar ɗakin baya ba. A hankali muka zama 'yar ƙungiya, masu lasisi kaɗan a garin nan. Cikinmu akwai Injiniya Bashir, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA, mutum mai himma da hannu a sake. Shi ya sa mana sola, shi ya kawo sabon rediyo da kwamfuta. Shi ne kuma ya fi kowa son gasa.

Gasa kuwa ga yadda take. A wani ƙarshen mako masu rediyo na duniya duka sukan hau iska, kowa yana neman ya yi magana da mutane mafi yawa daga ƙasashe mafi yawa. Ba hira ake yi ba. Ka ba ni lambarka da ƙarfin da ka ji ni da lambar yankinka, in ba ka nawa, shi ke nan, na gaba. Da yake masu rediyo ba su da yawa a ƙasarmu, da zarar mun yi kira sai a yi mana caa, kamar hatsi ya zube a gaban kaji. A da da takarda muke aika rajistar gasa ta gidan waya. Daga baya masu shirya gasar suka ce sun daina karɓar takarda, sai wadda kwamfuta ta tsara. Dole muka zaɓi manhaja.

Ta farko da Injiniya ya kawo kyakkyawa ce, ga taswirar duniya ga launuka. Amma ba ta motsi sai da intanet, kuma ɗakinmu na ƙasa ne mai kaurin bango. Muka ajiye ta. Ta biyu muka gwada ta da lambobin ƙarya, muka cika shafi guda, sai na miƙa hannu na zare wayar wuta da gangan. Injiniya ya ce, “Haba Kawu!” Na ce masa ai ba ni kaɗai ke ɗauke wuta a garin nan ba. Da aka kunna, rabin abin da muka rubuta ya tafi. Ita ma muka ajiye ta. Ta uku ba ta da ado, amma ba ta neman intanet, tana adana kowane layi da zarar an shigar, tana ja maka kunne in ka riga ka yi magana da mutum don kada ka maimaita, tana kuma fitar da rajistar yadda masu gasa suke so. Ba a buƙatar ɗan linzamin kwamfutar nan ma, da yatsu kawai ake tafiyar da ita. Kowa ya yaba.

Sai Injiniya ya nuna mana abin da ya fi burge shi. Ya jona kwamfutar da rediyo, ya danna maɓalli guda, sai ga ta tana buga kira da kanta, da sauri, ba kuskure ko ɗaya. Ya danna wani, ta ba da amsa ta yi sallama.

Malam Iro yana zaune a kujerarsa, ya karkata kai yana saurare. Ya ce, “Wa ke bugu?”

“Ita ce, Baba,” in ji Injiniya.

“Hannunta da tsabta. Ta gaishe shi?”

“Baba, gasa ce. Ba a gaisuwa a gasa.”

“To, madalla. Mi ya rage mani ke nan?”

Da aka tashi ya kwance madanninsa daga tebur, ya naɗe shi a hankici, ya sa aljihu. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin la'asar ta yi ba ya cikin ɗakin nan ba.

Kada ku ɗauka Injiniya mugu ne. Da na same shi da maganar ya faɗi gaskiyarsa. Ya ce idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin allon kwamfuta, ba ya ma iya karanta tsofaffin littattafansa. Saboda haka a gasar bara duk wanda ya kira sai Baba ya tsaya tambayarsa suna da lafiyar gida, mutane suka gaji da jira suka watse, sunan Katsina ya koma can ƙasan jeri. Ya ce, “Kawu, ni ma ina son Baba. Amma kujerar nan guda ce.” Na ce masa haka ne, sai dai wanda ya kafa kujerar yana gida a zaune, kuma in gasar bana ta wuce ba shi, ba zai sake dawowa ba. Na san halinsa.

Shi Injiniyan ne da kansa ya samo hanya. Bayan 'yan kwanaki ya tsaya da mota a ƙofar shago ya ce ya binciki manhajar, ashe ana iya kashe bugun nan nata a bar mutum ya buga da hannu. Kuma tana da wani wuri da ake zuba sunaye, ta yadda da zarar an rubuta lambar kira sai sunan mai ita ya fito, da duk abin da aka ajiye a kansa. In sunan yana fitowa da kansa, Baba ba sai ya tambaya ba, gaisuwarsa za ta gajarta. Abin da ya rage a kwashe layin gefen nan na ajami a zuba a ciki.

Muka ɗauko littattafan daga akwati. Kullum in ya taso daga ofis sai ya zo, ni ina karantawa shi yana bugawa. Ajami ba shi da harafin P na Turawa, don haka Malam Iro da harafin fa yake rubuta shi. Na karanta wata lamba, na dubi sunan da ke gefenta na ce, “Fita.”

Injiniya ya ɗago kai. “Ni?”

“Fita, na ce.”

“Kawu, laifin mi na yi?”

Sai da na nuna masa shafin muka gane wani Bature ne mai suna Peter. Muka yi dariya har mai shayin da ke gefenmu ya leƙo. Haka kuma biyar ɗin ajami ta yi kama da sifirin boko, sai da ya koyi bambanta su. Kafin mu gama ya fara haɗa baƙi da kansa, yana cewa ashe karatun allon da ya gudu ya bari yana nan yana jiransa.

Muka je gidan Malam Iro a Ƙofar Durbi. Bayan an gaisa an sake gaisawa, Injiniya ya yi bayani. Malam ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce shi ba ya son a ba shi kujera don tausayi. Ya ce a ba shi daga la'asar zuwa magariba. In mutane suka gaji da shi suka watse kamar bara, to kujera ta Injiniya ce har abada, shi zai riƙa zuwa shan shayi kawai. Injiniya ya ce, “Baba, ba sai an kai ga haka ba.” Ya ce, “Ni na faɗa, ba kai ba.”

Ranar gasa Injiniya ya riƙe rediyo tun safe, manhaja tana buga masa, lambobi suna ta shiga. Da muka dawo sallar la'asar Malam Iro ya warware hankici, ya ɗaure madanninsa a tebur, ya yi bisimilla. Shi ke ji da bugu, yana faɗin lamba da baki, Injiniya yana rubutawa, ni kuma ina karanta masa abin da ya fito a allo. Ya yi kira, aka yi caa. Ya tsamo lamba guda daga cikin hayaniyar, suna ya fito, na faɗa, ya buga barka da yamma wane, ya ba da lambobi, ya wuce. Na gaba haka. Wanda ba mu da sunansa ya ce masa na gode. Wani da ya ji an kira sunansa har bugunsa ya rikice don murna. Ba mu kai saurin inji ba, amma ba mu yi nisa da shi ba, kuma hayaniyar ƙaruwa take yi.

Rana ta yi ƙasa sai wata lamba ta shigo daga Italiya. Allo ya nuna Mario, mai kiwon zuma. Na faɗa. Malam Iro ya buga, barka da yamma Mario, ya zuma. Sa'an nan amsa ta zo a hankali, da hannu ake bugawa, hannun kuma bai ƙware ba. Malam ya ɗaga yatsa alamar mu yi shiru. Da aka gama ya ce, “Inna lillahi. Ɗiyarsa ce. Ta ce madannin babanta ya yi shiru.” Haka masu rediyo ke faɗa in ɗayansu ya mutu. Ita ce ta karɓi lambarsa.

Masu jira suka fara kira ta ko'ina, kowa yana son a ɗauke shi. Injiniya ya dubi agogo, ya dube ni. Malam Iro ya san sharaɗin da ya gindaya da bakinsa. Ya gyara zama, ya buga wa duniya duka alamar a dakata. Sa'an nan ya yi mata ta'aziyya cikakkiya, da sannu yadda za ta iya ɗauka. Ya tambayi sunanta. Ya ce ya san babanta tun tana ƙarama, mutumin kirki ne mai cika alkawari. Ya tambayi mahaifiyarta, ya ce a gaishe ta. Ya ce Allah ya ba su haƙuri. Ita ma ta daɗe tana amsawa, tana kuskure tana gyarawa, bai katse ta ba.

Duk wannan lokacin zangon tsit yake, ba ka jin komai sai shuu na iska. Ba mu san ko jira suke yi ba ko sun tafi neman wani. Da ta yi sallama Malam ya ɗauke hannunsa daga madanni ya shafa fuska. Ya ce, “To, bari mu ga ko da saura.” Ya buga, wa ke nan.

Ƙarar da ta taso sai da Injiniya ya rage murya. Suna nan, har sun fi na ɗazu. Na farkon da Malam ya tsamo, kafin ya ba da lambobinsa sai da ya buga gaisuwa ga ɗiyar.

Injiniya ya ce, “Baba, in goge Mario in sa nata?”

“A'a, bar shi nan. Ƙara nata a ƙasa. Ka rubuta uwar na da rai, a riƙa tambaya.”

Ya rubuta. Aka ci gaba har ladan ya kira magariba. Malam Iro ya buga wa masu jira cewa za mu yi salla mu dawo, ya cire abin saurare daga kunne ya ajiye, ya kai hannu zai kwance madanninsa, don lokacin da ya nema ya cika. Injiniya ya dafa teburin.

“Bar shi a ɗaure, Baba. Bayan salla kai za ka ci gaba, ni rubutu zan riƙe.”

“Injin naka fa? Kada ya yi fushi.”

“Ya huta. Ai bai iya ta'aziyya ba.”

Malam Iro ya laluba ya ɗauki butarsa. Ya ce, “To, a gaya ma mai shayi ya ƙara citta. Hannun nan sai da zafi yake tafiya.”